Yadda Za Ka Fara Gaisawa Da Harshen Kikongo

Ana magana da Kikongo a yammacin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, da kudancin Kongo-Brazzaville, da arewacin Angola. Kafin ka haddace komai, zaɓi karin harshen da za ka bi, domin akwai Kikongo na asali mai karuruwa da yawa, akwai kuma Kituba, wadda ake kira Kikongo ya leta, ita ce harshen kasuwa da birane, kuma a ganina ita ta fi sauƙi ga ɗan koyo, don haka gaisuwar da ke ƙasa ta Kituba ce.

Fara da kalmar "mbote", wadda ke nufin alheri ko lafiya, kuma ita ce ginshiƙin gaisuwa. Ga mutum ɗaya ka ce "mbote na nge", ga jama'a "mbote na beno". Idan aka tambaye ka "nge kele mbote?", wato kana lafiya, sai ka amsa "mono kele mbote". Dattijo kuwa ba a gaishe shi haka kurum. A ce "mbote, tata", ko "mbote, mama" idan mace ce. Wurin sallama, mai tafiya ya ce "bikala mbote", wanda aka bari ya amsa "kwenda mbote".

Godiya ita ce "matondo", a'a kuma "ve". Ƙirga yana farawa da mosi, zole, tatu, iya, tanu.

Ka kula da furucin "mb" da "nz" a farkon kalma: a "mb" leɓɓanka su haɗu, a "nz" kuma bakin harshenka ya taɓa bayan haƙoran sama, sautin farko ya fito ta hanci, kada ka sa wasali a gaba ka ce "imbote". Wani abin dariya ga Bahaushe shi ne, a Kikongo na asali "maza" ruwa ke nan.