Yadda nake yi da direbobin da ke ɓata mini rai a kan titi

Na fi shekara 15 ina tuƙi, kuma sau ɗaya tak aka taɓa buge mini mota ta baya. Laifin na wanda ya buge ni ne, amma da hannuna a ciki. Wata farar mota ce ta manne mini da yamma, har ba na ganin lambarta a madubi sai fuskar direban, yana ta ƙifta mini fitila. Raina ya ɓaci, na ce bari in ɗan taɓa birki ko ya shiga taitayinsa. Ina taɓawa, ashe shi idonsa ba ya kan hanya. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena, ga 'yata mai shekara 4 a kujerar baya ta fashe da kuka. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, bamba ce da fitila ɗaya suka tafi. Tun daga ranar na daina ƙoƙarin koya wa kowa hankali a kan titi, na koma kula da abin da ke hannuna, wato tazarar da ke tsakanina da sauran motoci.

Bari in fara da mai mannewar nan, don shi ya fi kowa haɗari. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. In ta kai 100, mita 28 take ci. Daga lokacin da idon direba ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa za ta sauka a kan birki, akan yi sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ke nan wanda ya bar tsawon mota guda tsakaninsa da kai, in ka tsaya ba zato, zai shige cikin but ɗinka tun ƙafarsa ba ta bar totur ba. Ba ka da ikon ƙara masa tazara, amma kana da ikon ƙara taka ta gaba. Ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali har filin da ke gabanka ya ninka. Da haka in na gaba ya tsaya, kai za ka taka birki sannu sannu, na bayanka ya sami lokacin gani. Da zarar ka ga wuri, ka sa sigina ka raɓe masa ya wuce. Gara ya kasance a gabanka kana kallonsa. Kada ka ƙara gudu don ka rabu da shi, biyo ka zai yi, ku zama ku biyu kuna gudun da ba ku shirya ba.

Auna tazarar ba wuya. Ka zaɓi wani abu da ke tsaye a bakin hanya, turken lantarki ko allo. Motar gabanka na wuce shi, ka fara ƙirge a natse. In ka iso wurin kafin sakan 3 su cika, ka matse da yawa. In ana ruwa ko ƙura ta rufe gari, ka ninka.

Na san abin da za ka ce: da ka bar fili, wani zai cusa kai ya shige. Gaskiya ne, kullum ana yi mini. Sai in sake ja baya in buɗe wani filin. Na taɓa ƙirgawa wata safiya a hanyar aiki, motoci 6 ne suka shige gabana. Ko kowacce ta ci mini sakan 3, ko rabin minti ban yi asara ba. Gaggawar ma in ka lissafa ba ta da riba. Tafiyar kilomita 10 a gudun 60 minti 10 ce. In ka ɗaga zuwa 70, abin da za ka rage bai kai minti ɗaya da rabi ba, alhali nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku. In kuwa ka ninka gudu, nisan ninkuwa yake sau huɗu.

Barin fili a gabanka yana da wani amfanin da na daɗe ban sani ba. A 2008 wasu masana a Japan, ƙarƙashin Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya, sun wallafa wani gwaji: sun jera motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Babu danja, babu rami, babu mahaɗa. Ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa, har wasu motocin suna tsayawa cak. Mutum ɗaya ya ɗan rage gudu, na bayansa ya taka birki fiye da shi, na bayan wancan ya fi, haka abin ke tafiya baya kamar igiyar ruwa. Shi ne cunkoson nan da kake fita daga cikinsa ka duba hagu da dama ba ka ga dalili ba. Direban da ya bar fili a gabansa ba sai ya taka birki da ƙarfi ba, don haka igiyar a kansa take mutuwa.

Sai wanda ba ya sa sigina, ko ya sa ta hagu ya yi dama. Wannan kada ka dogara da fitilarsa, ka duba tayarsa ta gaba. Taya ba ta ƙarya. Motar da ta fara jingina da layi, ko direban ya soma waige, fita za ta yi ko da sigina ko babu. A mahaɗa ma, ko na ga mai zuwa ya kunna sigina ba na fitowa sai na ga ya rage gudu da gaske, don sau da yawa mantawa ya yi bai kashe ta ba tun kwanar baya.

Mai danna waya kuwa daga nesa ake gane shi. Gudunsa ba ya zama ɗaya, yana karkata yana dawowa, danja ta ba da hannu shi yana nan sunkuye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin hatsari kusan sau 4. Sakan 5 na karanta saƙo a gudun 60, mita 83 ke nan mota ta yi ba mai kallon hanya. Irin wannan kada ka jera da shi kafaɗa da kafaɗa. Ko ka zauna can bayansa, ko ka wuce shi gaba ɗaya in hanya ta ba da dama. In a danja ya yi barci, ɗan taɓa hon sau ɗaya ya isa.

Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne mai tahowa da babbar fitila da dare ya ƙi ragewa. Kan ka ankara komai ya zama fari fat, mai tafiya a ƙasa ko mai keke da ke bakin hanya ya ɓace maka. Zuciya za ta ce ka kunna taka ka rama. Kada ka yi, don makafi biyu ne za su tunkari juna. Ka ƙifta masa sau ɗaya, wataƙila mantuwa ce. In bai rage ba, ka kawar da idonka daga hasken, ka bi layin gefen titi na hannunka da kallo, ka sassauta gudu har ya wuce. In daga baya yake haske ka, akwai ɗan maɓalli a ƙasan madubin ciki, ka motsa shi hasken zai dushe. Mutane da yawa suna shekaru da mota ba su taɓa taɓa shi ba. Kuma ka riƙa goge gilashin gaba ta ciki, ba ta waje kaɗai ba. Dattin da ke liƙe a ciki shi ke watsa hasken ya cika maka ido.

Game da masu tsallake layi, sai an bambance. Wanda ya bi gefen titi ko ya yi aron hannu don ya sha gaban mutanen da suka daɗe a tsaye, wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Duk da haka ba na tare shi da motata, don in aka goga, ni da shi ne za mu wuni a wurin, kuma mun rufe wa kowa hanya. Amma inda layi biyu suka koma ɗaya saboda gyaran hanya, wanda ya tafi har bakin matsewar bai yi laifi ba. A Jamus ma doka ce: a cika layukan biyu, a bakin wurin a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, daga nan mota guda, daga can mota guda. Ni dai na ɗaukar wa kaina, duk inda aka matse ina ba mota ɗaya hanya in bi bayanta.

Wanda ya yi fakin ya toshe ka, ka nemi shi da lalama tukuna, ka ɗauki hoton yadda motocin suke kafin ka motsa taka. Mai danna hon a bayanka alhali gabanka a rufe yake, ka bar shi da hon ɗinsa. Kada ƙararsa ta tura ka cikin mahaɗar da ba ka ga mafitarta ba, don in ka maƙale a tsakiya, kai za a tarar a wurin.

Wani lokaci kai ne mai laifin. Na sha shiga gaban mutum ban gan shi ba saboda ya faɗa inda madubi ba ya kamawa, shi ya sa yanzu sai na ɗan waiga kafin in sauya layi. In hakan ta faru, ka ɗaga hannu ka nuna ka san ka yi kuskure. Sau da yawa na ga fuskar da ta murtuke ta saki nan take.

In kuwa abin ya wuce haka, mutum ya biyo ka yana zagi yana neman ka tsaya, kada ka haɗa ido da shi, kada ka mayar masa da magana ko alamar hannu. Ka kulle ƙofofi, ka ɗaga gilashi. In kun tsaya a danja, ka bar filin da kake iya ganin tayoyin bayan motar gabanka suna taɓa ƙasa, wannan zai ishe ka juya sitiyari ka fita. Kada ka nufi gida yana biye da kai. Ka wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa ko wurin da ke da haske da jama'a, ka zauna cikin motarka har ya tafi.