Yadda za ka sa lambarka ta pikilbol ta zama abin dogaro

Wata Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, wani matashi da ke zuwa daga Agege ya tare ni a bakin filin pikilbol yana murmushi, ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, duba ka gani, na kai 4.1." Na duba, gaskiya ne. Sai na tambaye shi wasa nawa ya shigar a manhajar da ke ba da lambar. Ya ce huɗu. Da su wa? Da abokansa uku da suke tasowa tare a mota ɗaya. Mako biyu bayan nan ya kara da wasu baƙi, lambar ta gangaro ƙasa da 3.5, ransa ya ɓaci har ya ce zai goge manhajar. Abin ya taɓa ni, domin yaron yana da hannu ƙwarai. Lambar farko ce ba ta da tushe, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

Ga wanda bai san wasan ba: pikilbol, wanda ake rubutawa pickleball da Turanci, an ƙirƙiro shi ne a 1965 a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington ta Amurka. Filinsa ƙafa 20 ne a faɗi, 44 a tsawo, daidai da na badminton, kuma a nan Legas za ka ga an ja masa layi a kan filin tanis. Lambar da yawancin 'yan wasa ke nufi idan suka ce "nawa kake?" ita ce ta DUPR, tsarin auna gwanintar 'yan wasa ta manhajar waya, wanda aka kafa a 2021. Tana farawa daga 2.000 ta tsaya a 8.000, kuma sikeli ɗaya ne ga kowa, mace da namiji, yaro da dattijo. Ƙwararrun duniya irin su Ben Johns ma ba su kai 8 ba.

Mataki na farko ba shi da wuya. Ka sauke manhajar, ka yi rajista da sunanka na gaskiya, asusu ɗaya tak. Kafin ka shigar da wasa ba ka da lamba. Da zarar an tabbatar da sakamakonka na farko, lamba za ta iya fitowa, kuma nan ne mutane ke ruɗewa.

Mataki na biyu shi ne ka koyi karanta lambobi biyu, ba ɗaya ba. Kusa da lambar gwanintarka akwai wata da DUPR ta ƙaro a 2024, ma'aunin tabbaci, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 100. Ita ce ke gaya maka yadda tsarin ya yarda da abin da ya ba ka. Daga kashi 60 zuwa sama ne ake ɗaukar lambar mutum a matsayin abin dogaro. Ƙasa da haka, hasashe ne da bai gama nuna ba. Abubuwan da ke ɗaga ta su ne yawan wasannin da ka shigar, kusancinsu da yau, yawan mutane daban-daban da ka haɗu da su, da kuma inda sakamakon ya fito. Wasan ɗai-ɗai da wasan bibbiyu kowanne da lambarsa da ma'auninsa, saboda haka ko ka buga bibbiyu sau hamsin, ɓangaren ɗai-ɗai yana nan yadda ka bar shi.

To, wasa nawa ke nan? Wannan ce tambayar da aka fi yi mini. Abin da na gani a filinmu shi ne, wanda ya buga wasa goma zuwa ashirin cikin wata ɗaya ko biyu, da mutane mabambanta, lambarsa takan daina tsalle-tsalle ta fara zama. Wanda kuwa ya buga talatin da mutum uku kacal, yana iya kallon ma'auninsa yana jan ƙafa. Dalilin da ya sa wasa kaɗan ba ya wadatarwa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa riƙe raket. Ana tashi ne a maki 11, da ratar biyu. Gajeren wasa ne. Ƙwallo biyu su shafi raga su faɗa kicin, wato yankin nan mai ƙafa 7 da ke gaban raga, iskar teku ta kwashe ɗaya ta fitar da ita layi, shi ke nan sakamako ya juya. Ƙwallon roba ce marar nauyi mai ramuka, iska tana wasa da ita yadda take so, musamman a filayen wajen Lekki da yamma. Sa'a tana da babban rabo a wasa ɗaya. Sai an tara da yawa take narkewa. Akwai ma ƙa'idar lissafi a nan: idan kana son kuskuren awo ya ragu da rabi, ba ninki biyu na wasanni kake bukata ba, ninki huɗu ne. Shi ya sa wasanni goma na farko ke jijjiga lamba sosai, na bayansu kuwa su riƙa motsa ta kaɗan-kaɗan.

Mataki na uku shi ne wanda na fi so ka riƙe, domin a nan ne mu Hausawan Legas muka fi tuntuɓe: ka canza abokan wasa da abokan karawa.

Na san dalilin da ya sa ba ma yi. Wanda ya taso daga Mile 12 ko Alaba Rago ya sha gosulo kafin ya iso fili, ba ya son ya tsaya neman baƙo. Ya fi son waɗanda ya saba da su, waɗanda za su yi Hausa tare, su tsaya salla tare, su raba kuɗin mai. Wannan zumunci ne mai kyau, kada a yar da shi. Amma ka yi wannan lissafin: mutum huɗu hanyoyi uku kawai suke da su na rabuwa biyu-biyu. Bayan wasa uku kun gama duk haɗin da zai yiwu, sauran maimaici ne. Tsarin zai san wane ne ya fi wane a cikinku, amma ba zai san inda ku huɗun kuke ba idan aka jera ku da sauran jama'a. Kamar ɗan damben da ya buge kowa a unguwarsu ne amma bai taɓa shiga gidan damben wani gari ba. Ƙila gwani ne, ƙila kuma unguwar ce ba ta da 'yan dambe.

A wasan bibbiyu akwai ƙarin matsala. Idan kullum da mutum ɗaya kake tsayawa, babu yadda za a raba aikinka da nasa. Kun ci tare, kun faɗi tare, lambobinku suna tafiya kamar an ɗaure su da igiya. Sai ranar da ka tsaya da wani, shi ma ya tsaya da wani, sannan za a fara ganin wane ne ke ɗauke da nauyin.

Maganin da muka samo mai sauƙi ne. Ku haɗa mutum takwas, ku kama fili biyu, ku yi zagaye bakwai. Ana iya tsara shi yadda kowa zai tsaya da kowa sau ɗaya, ya kuma fuskanci kowa sau biyu. Idan wasa ɗaya yana cin kamar minti 15 zuwa 20, cikin awa biyu da 'yan mintuna kun gama. Safiya ɗaya ke nan, wasa bakwai, abokan tsayuwa bakwai. Ka yi haka Asabar uku a jere, kana sauya wasu daga cikin mutanen, ka wuce wasa ashirin. Ku rubuta jadawalin a takarda tun daren Juma'a ku tura a WhatsApp, don kada a ɓata rabin awa ana gardamar wa zai tsaya da wa.

Sai ka nemi gada zuwa waje. Wasan bai daɗe da shigowa nan ba, masu yin sa ba su da yawa, kuma idan duk 'yan fili ɗaya sababbi ne a manhajar, lambobinsu suna jingine ne da juna kawai. Ana bukatar wanda ya buga a wani wuri, wanda ma'auninsa ya riga ya cika. Watan Disamba lokaci ne mai albarka a wannan fanni, domin 'yan Legas mazauna Amurka da Ingila suna dawowa hutu, wasunsu da raket a jaka. Ka gaishe su, ka nemi wasa, ka tambaya ko za su yarda a shigar. Haka idan aiki ya kai ka wani gari ko wata ƙasa, ka nemi fili. Sai dai ka zaɓi wanda bai yi maka nisa ba. A ganina ratar rabin maki sama ko ƙasa ita ce daidai. Idan ɗan 3.0 ya kara da ɗan 5.0, kowa ya san abin da zai faru tun kafin a fara, kuma sakamakon da aka riga aka sani ba ya ƙara wa tsarin wani sani.

Mataki na huɗu: a yi magana kafin a buga ƙwallon farko. "Wannan za mu shigar ko na motsa jiki ne?" Jimla ɗaya ce, amma tana kashe fitina da yawa. Wasan da ɗan wasa ya shigar da kansa sai ɓangaren da aka kara da su sun tabbatar kafin ya shiga lissafi. Na ga yadda rashin wannan magana ke ɓata zumunci. Wani Alhaji da muke girmamawa, ɗan kasuwa ne, ya sha kashi 11 da 3, aka shigar, ya ƙi tabbatarwa. Da aka yi masa magana ya ce shi bai san da gaske ake yi ba, gwiwarsa yake gwadawa. Na same shi gefe na ce, "Ranka ya daɗe, laifinmu ne da ba mu tambaye ka ba. Wannan a bar shi. Na gaba sai mun ji daga bakinka." Ya ce, "Madalla, ɗana, haka ya kamata." Tun ranar, tambayar ta zama al'adar filinmu.

Idan kuma an amince, to a shigar da duka, na daɗi da na ɗaci. Mutumin da ke shigar da nasarorinsa kaɗai yana yi wa kansa abin da mai tumatir ke yi idan ya jera manya a saman kwando. Duk mai sayayya a Mile 12 ya san a tura hannu ƙasa, kuma ranar gasa hannun zai shiga. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai sakin wasa da gangan don lambarsa ta sauka ya shiga rukunin waɗanda ya fi ƙarfi ya kwashe kofi. Wannan zalunci ne ga mutanen da suka biya kuɗin shiga da zuciya ɗaya, kuma yana gurɓata lambar duk wanda ya taɓa karawa da shi.

Mataki na biyar, ka buga kowane maki da gaske. Tun 2025 DUPR ba ta tsaya ga wa ya ci wa ya faɗi ba. Kafin wasa, tsarin yana da abin da yake tsammani daga lambobin 'yan wasan, sannan ya gwada shi da abin da ya faru. A ce ana sa ran za a cinye ku 11 da 5, sai kuka ja wasan har 11 da 9. Kun faɗi, amma lambarku tana iya hawa. Haka kuma wanda ake sa ran zai yi kaca-kaca da abokan karawarsa, idan da ƙyar ya sha, tasa tana iya sauka duk da ya ci. Saboda haka idan ana 9 da 2 kada ka saki jiki, ko kai ne a gaba ko kai ne a baya. Kuma ku rubuta sakamakon nan take a bakin raga. Bayan wasa bakwai a zafin Legas, babu mai tuna ko 11 da 6 aka tashi ko 11 da 8, kuma yanzu bambancin yana da tasiri.

Mataki na shida gajere ne. Duk lokacin da wani kulob mai rajista da DUPR ya shirya gasa ko wasan zagaye, ka shiga. Sakamakon da kulob ko masu gasa suka shigar ya fi wanda ka shigar da kanka nauyi a lissafi, kuma a can ne za ka haɗu da fuskokin da ba ka sani ba.

Na ƙarshe shi ne riƙo. Ma'aunin tabbaci ba ya tsayawa inda ka bar shi, yana raguwa idan ka daina wasa, domin tsohon sakamako ba ya faɗin yadda hannunka yake yau. A nan lokuta biyu ne ke yanke mana wasa. Ɗaya damina, musamman Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ke iya kwana yana zuba. Kada ka shiga jiƙaƙƙen fili saboda lamba, santsinsa yana karya mutum. Ku nemi zauren badminton mai rufi ku yi karo-karo ku kama shi ko sau biyu a wata, ku tuna kuma ƙwallon cikin ɗaki daban take, ramukanta 26, ta waje kuwa 40. Na biyu azumi. Mu mukan mayar da wasa bayan tarawihi a filin da ke da fitila, wasa biyu ko uku marasa tsanani, sau ɗaya a mako. Wanda kuma ya zaɓi ya ajiye raket har bayan salla ya yi daidai, sai dai idan ya dawo ya ba kansa Asabar biyu ko uku na zagaye kafin ya yi rajistar wata gasa.

Matashin nan na Agege bai goge manhajar ba. Ya shiga zagayen mutum takwas, ya riƙa zuwa wata biyu ba fashi, har ranar da aka yi ruwa ya zo ya tarar ba kowa ya koma. Yanzu lambarsa tana yawo tsakanin 3.5 da 3.6, ma'auninsa ya haye 60. Abokansa uku ma sun shigo zagayen, har yanzu a mota ɗaya suke zuwa, sai dai idan sun iso kowa ya duba takarda ya ga da wa zai tsaya.