Darasi na Bakwai: Ciyawa a Gonar Alkama

A Jazira ta ƙasar Sudan, alkama amfanin lokacin sanyi ce. Ana shuka ta a watan Nuwamba, a girbe ta wajen Maris, da ruwan madatsar Sinnar wadda aka gama ginawa a 1925. Ruwan nan ba ruwansa da wace ce alkama, wace ce ciyawa, duk wadda ya tarar shayar da ita yake yi. Duk da haka za ka ga hawasha biyu, wato gonaki biyu, suna shan ruwan abu ishirin ɗaya, wato ƙaramar hanyar ruwan da ke ratsa gonaki, ɗaya fes, ɗaya kuwa adar, ciyawar nan mai kama da dawa, ta fi alkamar tsawo. Bambancin daga hannun mai gona yake.

Mu fara da iri. Kafin ka shuka, ɗebi cikin tafi, ka baza a faifai, ka duba a rana. Ƙwayar adar ta fi ta alkama duhu, kuma tana cikin ɓawonta. In ka ga ko kaɗan, a sheƙe irin, a tankaɗe, a tsince. Wanda ya shuka irin da bai tsince ba, shi da kansa ya kai wa gonarsa ciyawa. Injin girbi ma yana ɗauko ta daga gonar maƙwabci, don haka a kakkaɓe shi kafin ya shigo.

Sai gyaran ƙasa, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin gaggawa. Dabarar ita ce a ba gona ruwa tun ba a shuka komai ba. Bayan kamar mako biyu ciyawa za ta fito kore shar, sai tarakta ta bi ta kai ta kife ta, sannan a shuka. Amma wannan ba ya maganin aya-aya da ƙiri-ƙiri. Su a ƙarƙashin ƙasa suke yaɗuwa. In faifan tarakta ya daddatsa saiwar ƙiri-ƙiri a ƙasa mai danshi, kowane guntu sabon tsiro zai zama. Waɗannan sai huɗa mai zurfi a tsakiyar rani, rana ta ƙone saiwar.

Wani saurayi ya tambayi kawunsa: "Kawu, in na rage iri ai na rage kashe kuɗi ko?"

Ya ce: "A'a, ɗana. Duk gurbin da alkama ba ta rufe ba, ciyawa ce za ta zauna."

Gaskiyarsa. Alkamar da ta fito da kauri, kuma a kan lokaci, tana yi wa ƙasa inuwa. Wadda aka makara da ita zafi ke cim mata, ta fito a raunane. Haka taki: in ka watsa yuriya ciyawa na tsaye, ita ka ciyar.

Makonni shida na farko su ne na tsaro. A cire da hannu, ko a yi feshi. Sai dai a kula, maganin 2,4-D ciyawa mai faɗin ganye kawai yake kashewa, ba ya taɓa adar, domin ita dangin alkama ce. Karanta takardar jikin kwalba, ko ka kai wa malamin gona.

Kada a maimaita alkama a wuri ɗaya kowace shekara. A sauya da auduga ko gyaɗa, waɗanda ake shukawa a layi ana nome tsakaninsu.

Aikin gida: je gonarka ko ta maƙwabcinka, ka tumɓuke ciyawa iri uku har da saiwarsu. Rubuta sunan kowacce a littafinka, ka nuna wadda ke yaɗuwa ta ƙwaya da wadda ke yaɗuwa ta saiwa. A zo da su aji mako mai zuwa.