Yadda ake ɗaura wa a-kori-kura matakala mai fitowa da kanta

Hajiyarmu ce ta sa na ɗaura wa Hilux ɗina irin wannan matakala. Duk ranar da zan kai ta unguwa sai an ɗauko kujera 'yar tsugunne an ajiye a bakin ƙofar mota, ta taka, ta riƙe kafaɗar jikarta, sannan ta shiga tana cewa, “Wannan mota taka sai ka ce hawan raƙumi.” Motar tana da matakalar ƙarfe ta kamfani, amma tana manne da bodi can sama, ba ta rage wa gwiwar tsohuwa komai ba. Ita kuwa mai lantarki, da ka buɗe ƙofa sai ta zuro ƙasa cikin kamar daƙiƙa ɗaya, in ka rufe ta ɗan jira kaɗan ta koma ta lafe a ƙarƙashin mota. Ka sami mataki mai sauƙin hawa, kuma motar ba ta rasa tsayinta a hanyar ƙauye ba.

Abin ba sabo ba ne a Amurka. Lincoln Navigator ta 2003 ta fito da shi daga kamfani, kuma manyan samfurin Ford F-150 suna zuwa da shi har yau. Cikin masu ƙera na ɗaurawa daga baya, AMP Research na jihar Kalifoniya ya fi suna da PowerStep ɗinsa, wanda kowane gefe ke ɗaukar nauyin fam 600, wato wajen kilo 270. Akwai kuma na Sin birjik, masu kyau da na jeka-na-yi-ka.

Aikin farko a wajen saye yake. Matakalar ba riga ba ce da za a rage mata wuya. Kowace an ƙera ta ne don mota guda, shekara kaza zuwa kaza, da yawan ƙofofi. Hilux da ake kira Vigo, ta 2004 zuwa 2015, ramukan notinta daban suke da na Revo da ta biyo baya. Ka kuma tambayi gefen sitiyari. Kayan Hilux da yawa an yi su ne don kasuwar Tailan da Ostareliya, inda direba ke zama a dama, mu kuwa a hagu yake. Ƙarfen zai iya hawa, amma alamar “gefen direba” da ke jikin waya za ta ruɗe ka, wani lokaci ma tsawon wayar ya gaza.

In kaya sun iso, shimfiɗa tabarma ka baje su. Za ka ga allunan takawa biyu, hannayen ƙarfe huɗu masu naɗewa (biyu masu ɗaukar ƙaramin inji, biyu 'yan rakiya), injinan guda biyu, ƙaramin akwati baƙi wanda shi ne ƙwaƙwalwar abin, damin waya mai fiyus, da ledar notuna. Ƙirga notunan ka gwada da takardar da ta zo da su kafin ka taɓa mota. Kayan aiki kuwa: sufana da soket, filaya, sukundireba, salatif na wuta, mitar gwajin wuta, da robobin ɗaure waya masu yawa. Aikin yini guda ne ga mai koyo, rabin yini ga wanda hannunsa ya faɗa. Ka nemi mutum ɗaya ya taya ka.

Faka motar a daɓe mai kyau, ja birkin hannu, zare makulli. Cire kan batir na baƙar waya. Zare fiyus ɗin da ke jikin sabon damin waya ka sa a aljihu. Shi ne abu na ƙarshe da zai koma wurinsa. Sannan kwance tsohuwar matakala in akwai.

Ɗaura hannayen ƙarfen ba shi da wuya. Kwanta ƙarƙashin mota ka duba gefen bodi daga ciki, za ka ga ramuka ko kawunan noti da kamfani ya bari. Takardar za ta nuna maka wanne hannu ne na gaba, wanne na baya. Ɗaura su da hannu kawai, kada ka ƙulle tukuna. Nan mutane ke yin gaggawa. Sai ka ɗora allon a kan hannayen, ka zame shi gaba da baya har ya yi daidai da ƙofofi, sannan ka ɗaga shi ka sauke da hannunka sau uku ko huɗu kafin a saka inji. In ya tafi sumul, to hannayen sun daidaita. In ka ji yana cijewa, ɗaya ya karkace, ka sassauta ka gyara. Injin ƙarami ne, in ka bar shi yana kokawa da ƙarfe karkatacce ba zai yi nisan kwana ba. Bayan nan ne za ka ƙulle notuna gwargwadon ƙarfin da takarda ta faɗa, ka kuma ɗaura injinan.

Yanzu sai waya, inda aikin yake da gaske. Ɗaure akwatin ƙwaƙwalwa a cikin bonet kusa da batir, bakin filoginsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki. Jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ragewa. Damin zai rabu biyu: gajeren reshe ya sauka gefen da batir yake, dogon ya tsallaka ɗaya gefen. Bi da su ta jikin shasi, kana ɗaurewa duk bayan taƙi ɗaya ko biyu. Abu uku za ka nisanta da su: salansa, sandar sitiyari, da duk wani kaifin ƙarfe. Wayar da ta jingina da salansa sati ɗaya ya ishe ta narkewa.

Saura yadda abin zai san an buɗe ƙofa. Wasu kayan suna zuwa da filogi da ake cusawa a ramin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, inda masu gwajin mota da kwamfuta ke jona na'urarsu. In naka irin wannan ne, ka huta. In ba shi ba ne, sai ka shigo da siraran wayoyin cikin mota ta robar da ke toshe ramin bodi, ka nemo wayar kowace ƙofa, wadda ke kunna fitilar rufi. Kada ka dogara da launi kaɗai. Mayar da kan batir na ɗan lokaci, ɗora mita, ka buɗe ƙofa ka rufe. A yawancin Toyota za ka ga wutar ta faɗi kusan sifili in ƙofa ta buɗe, ta dawo in an rufe. Ita ce wayarka. Duk waya ko filogi mai ruwan ɗorawa ka ƙyale shi, na jakar iska ne.

A nan na sha tawa. Na gaji, na miƙa wa wani mai wayarin ya ƙarasa. Ya fere waya da reza, ya murɗa, ya naɗe da salatif, ya ce, “Alhaji an gama.” Kwana uku muna kan hanya matakalar hagu ta fara leƙowa tana komawa duk ramin da muka faɗa. Da na buɗe, zafi ya saki salatif, haɗin yana rawa. Sai da na sake shi da dalma, na rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta. Ka yi haka tun farko.

Mayar da kan batir, saka fiyus, ka gwada ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ɗauko guntun katako ka tare allon yana komawa. Mai kyau zai tsaya da ya ji turjiya. Da katako za ka gwada, ba da ƙafa ba, kuma ka ja wa yara kunne, don sun fi kowa son wasa da shi. In kayanka na da makunnin da ke tsayar da matakala a ciki ko a waje, ɗaura shi kusa da direba. Zai yi maka rana in ka faka jikin dakali ko gefen kwalbati mai tudu.

Abokan gabar matakalar nan biyu ne, ƙurar hunturu da taɓon damina. Duk wankin mota, ka bar ƙofa a buɗe a fesa ruwa sosai a gaɓoɓin hannayen. In sun bushe ka fesa musu man silikon. Kada ka bari a lafta musu giris ko baƙin mai, ko da bakanike ya rantse maka. Ƙura ce za ta manne ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Bayan sati biyu da ɗaurawa ka sake bin notuna da sufana. In kuma ka je wajen mai faci, ka tsaya a kansa ka nuna masa shasi ya kafa jak a can, ba a allon ba, don rabonsa da ganin wuri mai faɗi kamar allon nan na kafa jak ya daɗe.