Yadda Magidanci Zai Rage Teɓa a Sakkwato

Kitsen namiji a ciki ya fi taruwa, kuma shi ne mai buɗe wa ciwon suga da hawan jini ƙofa. Babbar riga tana rufa asiri, don haka a fara da tef ɗin tela. A auna ciki daidai cibiya da safe kafin karin kumallo, ba tare da an tsuke shi ba. Ya kai santimita 94, a yi hattara. Ya wuce 102, aiki ya samu. A rubuta, a sake awo duk mako biyu. A nauyin jiki kuwa, rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar.

Kafin a taɓa tuwo, a duba abin sha, domin nan ɓarnar take. Kwalbar Coca-Cola ta santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 13. Ga shayin dare a teburin mai shayi da madara da burodi, ga furar rana da aka zambaɗa wa sukari. Ba a ce a bar fura ba: a dama ƙwallo ɗaya da nono, babu sukari, a ɗauke ta a matsayin abincin rana gaba ɗaya. Lemon kwalba kuwa a maye gurbinsa da ruwa.

Tuwon dare malmala ɗaya, kamar dunƙulen hannu, miya ta fi shi yawa. Wake, ƙwai, kifi da kwaɗon zogale suna riƙe ciki. A roƙi uwargida ta riƙa auna mai, don babban cokali ɗaya kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, rararsa ke zama kitse). Balangu a zaɓi tsoka, a bar wa mai nama kitsensa.

Tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, bayan sallar Asuba. A bazara zafi yana haura digiri 40, motsa jiki da rana ganganci ne. Sau biyu a mako a ƙara da tsuguna-tashi da ɗaga jarkar ruwa, don kada tsoka ta zube tare da kitse.

Shayin rage ƙiba na kasuwa yawanci gudawa yake sawa. Ruwa ne ke fita, sikeli ya yaudare ka kwana uku. Mai shan maganin suga kuma ya ga likitansa kafin ya rage abinci, don sugansa na iya faɗuwa har ya suma.