Bayan ka tura takardar neman aiki a Ingila

Sababbin zuwa, musamman ɗaliban da ke sauka Manchester da Bradford a watan Satumba, ga abin da nake ta nanatawa bayan sallar Juma'a har bakina ya gaji. Cike fom a shafukan neman aiki irin su Indeed ko NHS Jobs (na hukumar lafiya ta ƙasa, NHS) ba wani abu ba ne, kowa ya iya. Abin da ke biyo baya shi ke kayar da mutane.

A gida mun saba da kamun ƙafa, ka je ofis ka kafa zama a benci, ko ka nemo wanda ya san wani. Nan kuwa murmushi za a yi maka, a ce ka koma intanet. Duba ranar rufe karɓar takardu. In ta wuce da mako ɗaya ko biyu, ka tura imel guda, gajere: sunanka, aikin da ka nema, lambar tallar, da tambayar ko an fara tantancewa. Ba sai ka tambayi gajiya da lafiyar iyali ba.

Ka kuma riƙa ɗaukar waya, don Allah. Ofisoshi da yawa da ɓoyayyiyar lamba suke kira. Wani ƙaninmu ya yi ta katsewa wai 'yan damfara ne, alhali gayyatar ganawar tana kwance cikin tarkacen imel ɗinsa har ranar ta wuce.

Inda ya fi ciwo shi ne bayan an ce an ɗauke ka, sai kuma ka ji shiru. Takardu ne suka maƙale. Katin izinin zama na BRP ya zama tarihi tun ƙarshen 2024, yanzu sai ka shiga asusunka na UKVI, hukumar biza da shige da fice, ka ciro lambar shaidar izinin aiki da suke kira share code, wadda ke aiki kwana 90. Ɗalibin digiri awa 20 a mako aka yarje masa ya yi aiki lokacin karatu, kuma masu ɗaukar aiki za su nemi shaidar ranakun zangon karatu daga jami'a. Aikin kula da tsofaffi sai da binciken DBS, wato duba tarihin laifi, sau da yawa har da takardar 'yan sanda daga gida.

Sai masu ba da shaida a kanka. Na yi makonni ina jiran wani gidan kula da tsofaffi, ashe fom ɗinsu yana imel ɗin tsohon maigidana a Kaduna, bawan Allah da sai an yi wata bai buɗe ba. Ba wanda ya gaya mini. A wannan gaɓar bibiya ba rashin kunya ba ce: ka tambaye su takamaiman abin da ya rage, sannan ka buga wa maigidan naka da kanka, ka roƙe shi ya amsa ta adireshin ofis, don wasu ba sa karɓar na Gmail.

Muna da likitoci da ma'aikatan jinya a NHS da suka bi duk wannan layin, alhamdulillahi, ku tambaye su. Wanda kuwa ya ce kawo kuɗi ya hanzarta maka, ka guje shi, doka ta hana dillalan aiki cajin mai neman aiki.