Darasi: Vernus, Verna, Vernum

A Turai, in sanyin hunturu ya ja da baya, daga watan Maris zuwa Mayu, ƙanƙara takan narke, itatuwa su fara toho, furanni su buɗe. Rumawan dā, masu magana da harshen Latin, suna kiran wannan lokaci *ver*. Abin da ya danganci lokacin kuma sai su siffanta shi da *vernus*. Kada harafin v ya ba ku tsoro, su ma da "w" suke furta shi: wernus.

Kun riga kun san rabin darasin nan tun daga gida. Muna cewa sabon gida, sabuwar riga, sababbin takalma, sifa tana bin sunan da ta raka. Haka Latin yake, sai dai jinsinsa uku ne: namiji, mace, da na uku wanda ba namiji ba ne ba kuma mace ba.

*Flos*, wato fure, namiji ne, sai a ce *flos vernus*. *Aura*, iska mai kaɗawa a hankali, mace ce: *aura verna*. *Tempus*, lokaci, yana cikin jinsi na uku: *tempus vernum*. Ku lura, gangar kalmar ba ta motsa ba, wutsiyar ce kawai take sauyawa.

A jam'i sai su koma *flores verni*, *aurae vernae*, *tempora verna*. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin *verna* ta fito sau biyu, ga ta a mace tilo, ga ta a jam'in jinsi na uku. Sunan da ke kusa da ita ne zai raba muku gardama. Wutsiyar takan sauya kuma saboda aikin kalma a jimla: *tempore verno* na nufin "a lokacin toho".

Har gobe masana tsirrai na amfani da wannan sifa. Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya sa *Gentiana verna* da *Leucojum vernum* a littafinsa na 1753. Akwai kuma *Crocus vernus*. Duk ukun furanni ne da kan buɗe bayan hunturu.

Aikin yi: *rosa*, wato furen wardi, mace ce, *ventus*, wato iska, namiji ne. Ku rubuta kowanne da sifarsa a littafinku. Jam'insu *rosae* da *venti*, su ma ku ba su tasu sifar, sannan ku karanta wa na kusa da ku da ƙarfi.